Surukai a Gidan Gaba na Jirgin Tudu

Cikin duk kwanakin da na yi ina aiki a wuraren wasa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda Alhaji Buba ya zo ganin abin da Ɗanjuma Tela yake yi da rana tsaka. A shekarar 1978 ne, 'yan kwanaki bayan Ƙaramar Salla, damina ba ta gama ɗaukewa ba. Ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, na zo dogon hutu gida a Rikkos, sai wani kawuna ya samo mini aikin wucin gadi a filin wasan da wani ɗan kasuwa ya kafa a gefen garin Jos. Ku da kuke kula da lilo a yanzu, da na'urori masu maɓalli da agogo, zai yi muku wuya ku gane yadda muke aiki a lokacin. Don haka bari in fara da bayanin wurin.

Akwai lilo mai dawakin katako na yara, akwai shilo mai kujeru rataye da sarƙa. Amma abin da ke tara jama'a shi ne wasu ƙananan taragu a jone, kowanne na ɗaukar mutum biyu, a kan dogon ƙarfe da aka ɗora bisa ginshiƙai. Sarƙa ce take jan su a hankali har ƙololuwa, daga nan ta sake su, su gangaro da gudu, su sha kwana, su hau wani ɗan tudu, su sake faɗowa, sannan su dawo tasha. Mai wurin yana ce masa rola-kosta. Mutanen gari suka sa masa jirgin tudu.

Sama da kowa akwai manaja, wanda ba ya fitowa daga ofis sai in an yi faɗa. Ƙasa da shi sai direban jirgi, Oga Gyang, tsohon direban tifa a wajen haƙar kuza. Sai ni, mai ɗauri. Sai mai tikiti da masu shara.

Oga Gyang yana zaune ne a wata 'yar rumfa a gefen tasha, hannunsa a kan birki. Idan jirgi ya dawo ya ja birkin, sai ya tsaya. In bai ja ba, jirgin ya ratsa tasha a hankali, sarƙa ta sake kama shi, a koma sama. Babu agogo, babu dokar yawan zagaye. Da kunne yake tuƙi. Ya sha gaya mini:

"Ticha, kwastoma ya biya kuɗin ihu ne. Sai ihu ya fita duka kafin ka sauke shi. In ka ji sun daina dariya sun fara kiran mamansu, to ya isa. In sun yi shiru, ba su ƙoshi ba. Sai ka ba su jara."

Jara ita ce gyara, irin wadda mai gyaɗa ke ƙara maka bayan ta auna. Ticha kuwa ni ne, ko da yake ya ce muddin da wannan muryar zan shiga aji, yaran da ke bencin baya sun samu wurin barci. Gaskiyarsa. Ni mutum ne da in zan ce wa fasinja ya matsa, sai na maimaita kafin ya san da shi nake.

Aikina shi ne in karɓi tikiti, in zaunar da mutum, in sauke sandar ƙarfe a kan cinyarsa, in ja ta in tabbata ta kulle. In tattare babbar riga ko gyale in cusa a ciki, kada su kama ƙarfe. In karɓi ajiyar duk abin da zai iya faɗuwa. Birki ba hurumina ba ne, ko taɓa shi ba na yi. Abin da nake da shi kawai jan ƙyalle ne a aljihu. In na ga wani ya galabaita, sai in ɗaga, Oga Gyang ya tsayar da jirgi nan take. Sai dai jan ƙyallen nan kowa a filin ya san ma'anarsa. Da an ɗaga, 'yan kallo za su taru a bakin tasha su ga wane ne ya saduda, kuma a raka shi da tafi har ƙofa. Akwai wani ɗan dambe da ya bar unguwarsu na wani lokaci saboda shi.

Yanzu sai Ɗanjuma. Tela ne a Dutse Uku, saurayi mai kyan hannu a ɗinki, mai fara'a, wanda Allah ya jarabce shi da son jirgin tudu. Kusan kullum da rana sai ya bar wa yaransa shago ya zo. Hawa ba ya isarsa, sai ya haɗa da wa'azi. Yana tsaye a layi yana koya wa mutanen da ba su tambaye shi ba:

"Ƙauyanci ne mutum ya yi rububin gidan gaba. Wannan ba motar Bukur ba ce. Na gaba gangara kawai yake gani, na baya shi ake fizga. Taragon ƙarshe, nan daɗin yake. Malam, cire hular nan ka sa a aljihu, in ba so kake ka bi ta har rafin Dilimi ba. Me ka ci? Tuwo? Koma ka zauna, sai ya faɗa. Ba a hawa da cikakken ciki."

Yana da ra'ayi a kan komai. A cewarsa jirgin ya fi gudu bayan an yi ruwa. Yana gane ranar da Oga Gyang ya shafa wa sarƙa mai da ranar da ya yi ha'inci, daga ƙarar da take yi. Masu rufe ido, a wurinsa, sun yi asarar tikiti, gara su zauna a gida wani ya riƙa girgiza musu kujera. A shagonsa ya liƙa hoton wani ƙaton jirgin tudu na ƙasar waje da ya yanko daga mujalla, yana cewa wancan ya fi namu tsawo amma namu ya fi hali, don wancan an ce ba ya ƙara, kuma jirgin da ba ya ƙara ba shi da abin faɗa.

Babban karatunsa kuwa a kan ihu ne.

"Ihu ba tsoro ba ne," in ji shi. "Numfashi ne. Da ka ji cikinka ya taso, buɗe baki ka sake shi. In ka riƙe shi a ciki, zai nemi wata hanyar fita, kuma ba za ka so hanyar ba."

Shi ma yana aiki da karatunsa. Ihun Ɗanjuma siriri ne dogo, masu sayar da rake a bakin titi sun san shi.

Da yake ni ba na katse mutum, ni ya mayar abokin sirri. Ta haka na san yana neman Hajara, malamar firamare, 'yar Alhaji Buba, Bafulatani dillalin shanu da ke zaune wajen Abatuwa. Ita tana so, shi yana so, magabatansa sun je gaisuwa. Alhaji ya saurare su ya ce zai yi bincike. Binciken ya dawo da labari mai kyau: yana salla, ba ya shan taba, ba ya cinye yadin mutane. Sai abu ɗaya. An ce mutumin yakan rufe keken ɗinki da rana tsaka ya tafi lilon yara yana kururuwa. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ɗanjuma yana ta jira.

Ranar da nake ba ku labari, bayan Azahar ne, mutane sun cika. Ɗanjuma yana layi ya samu wasu samari biyu yana ta zuba. Ni na fara ganin wani dattijo dogo siriri, da farar babbar riga da sanda, ya zo ya tsaya a bayansa. Ban san shi ba. Ɗanjuma yana cewa:

"Ni fa a wurina, wanda bai taɓa hawa jirgin nan ba bai san duniya ba, ko da gemunsa ya yi fari fat."

Dattijon ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "To, ga mai farin gemu ya zo a sanar da shi duniya."

Ɗanjuma ya waiga. Ban taɓa ganin mutum ya kai ƙasa da sauri haka ba. Ya durƙusa a cikin taɓo, kansa a sunkuye.

"Baba, barka da rana. An zo lafiya? Ya kasuwa? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Tashi, kada ka ɓata wando, kai ne za ka sake ɗinka wani."

Nan na gane Alhaji Buba ne. Ya yafuto mai fura da ke bakin ƙofa, ya sa ta dama ƙwarya biyu. Ya sha tasa a tsaye, ya miƙa wa Ɗanjuma ɗayar. Ba a cin abinci a gaban suruki, ba a kuma mayar masa da kyauta. Ɗanjuma ya karɓa da hannu biyu, ya zagaya bayan rumfar tikiti. Ina hangen sa. Ya dubi furar, ya dubi jirgin, ya dubi sama. Sannan ya kafa kai ya shanye, ya dawo da ƙwarya wayam.

Oga Gyang da ya ga babban mutum, sai ya fito daga rumfarsa yana goge hannu. Ya ce kowa ya dakata, wannan zagayen na Alhaji ne shi kaɗai da ɗan rakiyarsa. Kuma a tarbiyyar tsohon direba, babban mutum ba ya zama a baya.

"Alhaji, gidan gaba. Ticha, share masa kujera."

Ɗanjuma ya sulale zai nufi taragon ƙarshe, wanda a ranar ya dace da karatunsa, ya kuma dace da kunya. Alhaji ya ce, "Ina za ka? Kai ne malamin. Zo nan kusa da ni."

Haka suka zauna kafaɗa da kafaɗa a kujerar da ba ta fi faɗin tabarmar salla ba. Ɗanjuma ya maƙure a gefe, yana ƙoƙarin kada rigarsa ta taɓa ta Alhaji. Na karɓi sanda na jingine. Na tattare babbar riga na cusa. Na sauke ƙarfe, na ja, ya kulle. Na ce, "Ranka ya daɗe, da za a cire hula." Ko bai ji ni ba, ko ya ji ya ƙyale. Na dubi Ɗanjuma. Shi da ke kwaɓar kowa a kan hula, tasa tana kansa daram, don ba zai zauna kai tsirara a gaban uban Hajara ba. Ya raɗa mini, "Malam Isyaku, ka sa ni a addu'a."

Na ɗaga hannu, Oga Gyang ya saki jirgi.

Sarƙa ta ja su sama tana ƙara. Suka kai ƙololuwa, suka ɗan tsaya kamar jirgin yana tunani, sannan suka faɗo. Duk filin ya saurara, don an saba a daidai nan ake jin Ɗanjuma. Babu abin da aka ji sai ƙarar ƙarfe. Suka sha kwana, suka hau ƙaramin tudu, suka gangaro. Shiru.

Ku da ba ku zauna da Fulani ba, sai in yi muku bayani. Mutum irin Alhaji Buba tun yana yaro aka koya masa cewa ko ƙaya ta shige shi ba ya cewa wash a gaban mutane, balle a gaban yaron da ke neman 'yarsa. Ɗanjuma kuwa ya san kururuwar nan ce ta kawo Alhaji filin. In ya buɗe baki sau ɗaya, ya tabbatar da abin da aka faɗa a kansa.

Jirgi ya shigo tasha a hankali. Oga Gyang ya leƙo.

"Alhaji, ya isa ko a ƙara?"

Alhaji yana kallon gabansa ya ce, "Tambayi malamin."

Ɗanjuma ya ce, "Duk yadda Baba ya ce."

Kafin a sake wata magana sun wuce, sarƙa ta kama. Oga Gyang ya dube ni yana murmushi.

"Ka gani? Suna so, kunya ne kawai. Manyan mutane ba su roƙon jara."

A zagaye na gaba, a babbar gangara, iska ta ɗauke hular Alhaji. Muka ga ta tashi ta faɗa can bayan shinge. Ga dattijo kai a buɗe, a sama, a gaban jama'a. Abin da ya biyo baya da idona na gani. Suna hawa ƙaramin tudu, Ɗanjuma ya saki ƙarfen da yake riƙe da shi, ya cire hularsa, ya kau da kai gefe don kada ya kalli kan surukinsa, ya miƙa masa da hannu biyu. A haka gangara ta same shi, hannuwa a sama riƙe da hula. Alhaji ya karɓa ya sa. Ta yi masa yawa, ta sauko har gira.

Suka shigo tasha.

"Alhaji, a ƙara?"

"Tambayi yaron."

"Sai... abin da Baba ya ce."

Oga Gyang ya buga cinya. "Wannan Alhaji sojan gaske ne. Ko tari bai yi ba. Yau sai na ji muryan shi."

Daga nan abin ya zama gasa tsakanin Oga Gyang da shiru. Ban ƙirga zagayen ba, kuma daga baya kowa da nasa lissafin. Abin da na sani shi ne ni kaɗai nake tsaye dab da dogo, ni kaɗai nake ganin fuskokinsu idan sun ratsa. 'Yan kallo daga nesa suna ganin jarumai biyu a miƙe. Ni kuwa ina ganin leɓen Alhaji yana motsi ba sauti, yatsunsa sun kafe a kan ƙarfe har jijiya ta fito. Ɗanjuma ya koma launin toka. Kumatunsa sun kumbura, ya dantse baki, gumi na zuba a cikin sanyin Jos. Furar nan ta fara neman hanyar da ya sha gargaɗin mutane a kanta.

Da aka sake tambaya, Alhaji ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna Ɗanjuma. Ɗanjuma ya sunkuyar da kai ya nuna Alhaji da tafin hannu. Magana ta ƙare musu, ladabi bai ƙare ba.

Na sa hannu a aljihu na taɓa jan ƙyalle. A ƙa'ida lokacinsa ya yi har ya wuce. Amma mutum biyu ne kawai a jirgin. In na ɗaga, jama'a za su taru su tambaya wane ne. In aka ce Ɗanjuma, to gwanin jirgin tudu ya kasa a gaban tsoho, ya zama mai wasan yara da ko wasan bai iya ba. In aka ce Alhaji, kafin magariba labari ya isa kasuwar shanu, kuma ba zai ƙara yarda ya haɗa ido da yaron da aka yi masa tafi a gabansa ba. Ko ta ina, auren ya tafi. In kuma ban ɗaga ba, saura kaɗan fura ta sauka a kan farar babbar riga, wannan ma auren ya tafi.

Na je rumfa na ce, "Oga, ina ganin ya isa haka."

Inji na ruri. Ya ce, "Me ka ce, Ticha?"

"Na ce ko za a..."

"Ka ji ihu? Ni ban ji ba. In wani ya gaji, ina jan ƙyallenka?"

Na dawo bakin dogo. Na duba agogona don kawai in sami abin kallo da ba fuskar Ɗanjuma ba. Sai na ga lokacin La'asar ya shiga. Hadari ya rufe rana, masallacin da ke kusa bai kira ba tukuna, amma lokaci ya yi.

Jirgi na gangarowa zuwa tasha, na tsaya a tsakiyar dandamali, na cika ƙirji, na buɗe murya yadda ban taɓa yi ba tun da aka haife ni:

"Jama'a, La'asar ta yi!"

Har mai fura sai da ta waiga. Oga Gyang ba Musulmi ba ne, amma ya yi shekaru yana tuƙa leburori, ya san ba a ja da wannan. Ya ja birki. Jirgi ya tsaya.

Na ɗaga ƙarfe. Babu wanda ya motsa.

Alhaji ya ce, "Fita mana."

Ɗanjuma ya ce ta tsakanin haƙora, "Baba ne gaba."

Suka ci gaba da zama. Na gane babu mai ƙafar tashi a cikinsu. Na ɗauko sandar Alhaji na miƙa masa, na tsaya kusa yadda zai dafa kafaɗata kamar yana yi mini magana. Ya dafa, ya miƙe, ya ce da ƙarfi don a ji, "Yaro, kana da hankali, ɗan wane ne kai?" Yana tambaya yana sakar mini duk nauyinsa. Muka taka a hankali har gindin bishiyar da muke salla, ina ba shi tarihin gidanmu. Ɗanjuma ya ce zai je ya kama ruwa. Ya tafi bayan shinge a karkace kamar kaguwa, ya daɗe, ya dawo da fuska a wanke da hular Alhaji a hannu, wadda ya ce ita ya tsaya nema.

Alwala ta ɗauke su lokaci mai tsawo, kowa a zaune a kan dutse yana kallon buta. Da aka shimfiɗa tabarma aka ce Alhaji ya shige gaba. Ya ce shi baƙo ne. Aka dubi Ɗanjuma, ya ce ba zai ja Baba salla ba. Alhaji ya juyo gare ni.

"Kai ka tuna mana, kai za ka ja mu. Ka bi a hankali, ba sauri muke ba."

Na gode wa Allah da ya sa La'asar ba a bayyana karatu.

Bayan an sallame, mutane suka watse, muka rage mu uku a tabarma. Na so in tashi, Alhaji ya ce in zauna. Ya daɗe yana jan carbi yana kallon jirgin, wanda ya koma aiki, samari na ta kururuwa a kansa. Ɗanjuma na durƙushe a gefe, kai a ƙasa.

Alhaji ya ce, "Wannan abin, kullum kake hawa?"

"Kusan kullum, Baba."

"Tilasta ka ake yi?"

"A'a, Baba."

"Biyan ka suke yi?"

"Ni nake biya, Baba."

Alhaji ya gyara zama. Sannan ya ce:

"An gaya mini wasan yara kake yi. Wanda ya faɗa bai hau ba. Na yi kiwo, na kwana a daji, bijimin sa ya taɓa ɗaga ni sama ya yar. Ban koma washegari na ce ya ƙara ba." Ya ja carbi. "Mutumin da za a yi wa wannan, ya biya, gobe ya dawo da ƙafarsa, ba zai sallami mace don ta ɓata masa rai ba. Yarinyar nan tana da faɗa, uwarta ta biyo. Ka ce wa manyanka su zo ranar Juma'a."

Ɗanjuma ya buɗe baki zai yi godiya, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Abin da ya faru a sama, ya zauna a sama."

"Babu abin da ya faru, Baba."

"Madalla."

Ya miƙe, ya gwada ƙasa da sanda kamar mai shirin ƙetare rafi, ya tafi. Da hular Ɗanjuma ya tafi a kansa, tasa kuma a aljihu. Ba a taɓa mayar da ita ba, ba a kuma taɓa tambaya ba.

Da muka tashi aiki na zaunar da Oga Gyang na yi masa bayanin abin da na gani. Ya riƙe baki.

"Kana nufin tun na farko suna so su sauka?"

"Tun na farko, Oga."

"To me ya sa ba su faɗa ba? Na tambaye su fa. Kowane zagaye na tambaye su."

Na ce ai tambayar ce matsalar, tunda a gaban juna aka yi ta. Ya yi ta girgiza kai yana cewa a wurinsu in suruki ya ji wuya, shi ne zai fara zagin direba. Washegari ya kai maganar ga manaja, aka yanke cewa daga yau zagaye ƙayyadadde ne ga kowa, jara kuma sai wanda ya roƙa da bakinsa bayan jirgi ya tsaya cak. Aka ƙara mini wani aiki: in riƙa lura da waɗanda bai kamata a haɗa kujera ɗaya ba. Suruki da suruki, malami da ɗalibinsa, maigida da yaron shagonsa, saurayi da yayan budurwarsa. Sai in raba su, ɗaya gaba ɗaya baya, yadda kowa zai yi ihunsa ya ce na wancan ne.

An ɗaura auren bayan Babbar Salla. Na koma makaranta, na yi koyarwa na wasu shekaru, daga baya na dawo aikin kula da wuraren shaƙatawa har na yi ritaya. A duk tsawon lokacin, abin da nake fara gaya wa sabon ma'aikaci shi ne ya rabu da mai kururuwa, lafiyarsa ƙalau. Ya sa ido a kan wanda ya zauna tsaf yana kallon gabansa, ya dubi yatsunsa, sannan ya dubi wanda ke zaune kusa da shi. Mutanenmu za su iya jure kusan komai in akwai wanda suke jin kunya a gefe, kuma ba za su taɓa ce maka ka tsaya ba. Aikinka ne ka samo musu dalilin sauka wanda ba nasu ba.

Alhaji Buba bai sake taka filin ba. Sai dai kafin hutuna ya ƙare, dillalan shanu suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, dattawa masu sanduna, kowa da tikitin da aka saya masa kyauta. Na tambayi ɗayansu wanda ya turo shi. Ya ce Alhaji Buba ne, abokin hamayyarsa a kasuwa, ya ce masa abin ba komai ba ne, kamar hawan jaki, amma ya tabbata ya sha fura tukuna.